Tsakuwa a Maɗaciyar 'Yar Fari

Damina ce, irin wadda ruwa ke sauka tun da hantsi ya ƙi ɗaukewa sai la'asar. Duwatsun da ke bayan gari sun yi kore shar, wani lokaci hadari ya rufe su ba a ganin ko ɗaya. Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Jalingo ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, baƙi sun cika gari, ma'aikata suna neman ɗakin haya har a lungunmu na Barade, amma man fetur ya yi wuya. Motoci sun yi layi a gidajen mai kamar an ɗaure su a turke, manyan mutane suna ratsa taɓo da takalma a hannu. Duk wanda ka gani, fuskarsa kamar ta mai jiran labarin da bai san irinsa ba. Ni kuwa maigidana ya rasu, na fara sabawa da shirun gida. Ina yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da yamma in tafi ajin yaƙi da jahilci.

A wannan daminar 'yata ta fari ta haihu.

Sai na yi bayani kaɗan, don yaran yanzu ba su san abin ba. A wajenmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Ana yaye yarinyar nan yayar maigidana ta zo ta ɗauke ta. Ita ce muke kira Goggo. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta riƙe yarinyar da hannu biyu, ta yi mata kitso, ta kai ta makaranta, ta aurar da ita ga wani malamin firamare a unguwar Yelwa. Yarinyar tana kiran Goggo da Dada, wato uwa. Ni kuma tana ce mini Adda, kamar yadda ta ji ƙannena suna faɗa. In zan yi maganarta sai in ce "yarinyar nan", ko "ta wajen Goggo". Ba ƙiyayya ba ce. Haka muka tarar, haka uwata ta yi da yayana, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai a shekarar.

Da a gidan Goggo za ta yi jego, amma ruwa ya cinye katangar ɗakin, sai aka kawo ta gidana, Goggo ta biyo ta da tabarmarta da tukunyar wanka. Namiji ta haifa. Shi kam babu kunya tsakanina da shi, jika ne, mijina ne na wasa. Ina kiransa Maigida, ina yi masa ƙorafin bai kawo cefane ba.

Goggo ta riƙe jego yadda ya kamata: ruwan zafi da ganye safe da yamma, kunun kanwa, farfesun ƙafar saniya da yaji, tuwo yana ninƙaya cikin man shanu. Ni nake girkin, ita take kaiwa. Ba a yi nisa ba ciwo ya fara. In ta ci abinci ta ɗan jima, sai ka ga ta dafe gefen dama, ƙasan haƙarƙari, ta duƙa tana gumi, ta ce abin yana harbawa har kafaɗarta. Wani lokaci ta yi amai. Goggo ta ce dattin haihuwa ne bai gama fita ba, aka ƙara wa ruwa zafi. Ni ina bakin murhu ina jin nishinta ta cikin labule, ina juya tuwon da ya riga ya nuna.

Da abin ya ƙi, mijinta ya roƙi Goggo a je asibiti. Ni da shi ma akwai surukuta, in ya shigo gaisuwa daga nesa yake durƙusawa, ni kuma in juya fuska. Likitan ya duba ta ya ce sai an ɗauki hoton cikinta a Yola. Da ƙyar aka sami mota. Suka je suka dawo, muka koma wajensa da hoton. Ni an tafi da ni ne don in riƙe jariri, na zauna a kan benci kusa da ƙofa.

Likitan ba ɗan nan ba ne, Hausarsa ta kasuwa ce, amma yana da haƙuri. Ya dube mu ya tambaya wace ce uwarta. Goggo ta ce ita ce. Ya juya wajenta ya yi mata bayani, ni ina ji daga baya. Ya ce tsakuwa ce a cikin maɗaciya. Goggo ta tambaya ko maɗaciyar da ake cirewa a jikin hantar kaza a yar, ya ce ita fa, mutum ma yana da tasa. Ya ce ba irin tsakuwar ƙasa ba ce, kitse ne da ruwan ɗaci suke daskarewa su zama ƙanana kamar duwatsun wuya, kuma mata masu haihuwa sun fi samu. Hanya biyu ce, in ji shi. Ko a yi tiyata a cire maɗaciyar, ko kuma, tun da nata ƙanana ne, a gwada wani magani da aka yi shi irin ruwan ɗacin da hanta ke yi, shi zai riƙa narkar da su a hankali.

Goggo ta ce ba a tsaga cikin maijego, ɗanyen jiki ne. Ya ce to a gwada maganin, amma a sani ba ya aiki kamar gishiri a ruwa. Kamar sabulu ne, kullum yana raguwa ba ka ganin raguwarsa, sai wata da watanni, wataƙila ya haura shekara, kuma ba kowa yake yi wa ba. Ya ce a rage mata maiƙo. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce in idonta ya yi rawaya, ko zazzaɓi ya kama ta da rawar sanyi, kada a kwana da ita a gida. Wannan maganar na ɗauke ta na ajiye.

Ba a samun maganin a Jalingo. Wani direba ne mijinta ya ba saƙo ya kawo daga Jos. Kafso ne fari, a cikin kwali. Mijin ya ba Goggo labarin da mai kemis ya faɗa wa direban, wai a da can daga maɗaciyar wata dabbar daji ta ƙasashen sanyi ake samunsa, yanzu kuwa a kamfani ake yi. Goggo ta juya kwalin a hannunta ta tambaya ko dabbar an yanka ta da bisimilla. Yarinyar nan ta yi dariya har ta dafe gefenta. Goggo ta ce ita idonta ba ya ganin waɗannan 'yan ƙwayoyi, a ba 'yar boko ta riƙe. Ni take nufi. Tun da na shiga aji take tsokanata da wannan suna.

Haka maganin ya zo hannuna. Amma ba zan iya miƙa mata ba, in tsaya a kanta in ce sha. Sai na sami dabara. In na rufe kwanon abincinta da faifai, sai in ɗora kafson a tsakiyar faifan, safe da yamma, in ajiye a bakin ƙofa in wuce. In kwanon ya dawo babu komai a kai, na san ta sha. Magana kuwa ta bakin jariri muke yi. In ɗaga shi in ce, "Maigida, ka tambayi mutanen ɗakinku ko sun ga ajiya." Ita kuma daga ciki ta ce, "Ka ce wa matarka an gani, ta daina ƙorafi." Goggo tana ji, ta ce mun mayar da yaro ɗan aike tun bai yi haƙori ba.

Ban taɓa yin hira da ita kamar ta wannan lokacin ba. Ta bakin yaron na san tana son ɗanwake ba mai, na san ba ta son a rufe taga, na san tana tsoron tsaka. Har yau in na tuna daminar, abin da nake fara gani shi ne farin kafso a kan jan faifai, da hannunta yana fitowa daga labule.

Saboda ciwon, ba ta koma ɗakinta bayan arba'in ba. Ciwon ya ragu, sai dai bai tafi ba. Zai yi shiru har mu fara mantawa, rana ɗaya ya dawo ya kwantar da ita. Maganin kuma yana ɗan sa ta gudawa. Ta rame, don an hana ta mai. Wannan ramar ce ta fi cin Goggo. Ta ce ita ba ta taɓa ganin maijegon da ta fita jego ƙashin wuya a waje ba, mutane za su ce ba ta iya riƙo ba. Mata masu zuwa dubiya kuma kowa da tata. Magana ɗaya ce ta fi yawo a bakinsu: tsakuwa ba ta shiga cikin mutum da ƙafarta, sai dai in jefa ta aka yi. Wata ta ba da labarin wani tsoho a bayan ƙauyen Kona mai cire jifa, wai ta ga ya fitar wa wani mutum allura daga gwiwa.

Ruwa ya fara ja baya, dawa ta yi kai, Goggo ta ce gobe za a je. Ba shawara ta nema ba, faɗa ta yi. Mijin ya sunkuyar da kai ya ce duk yadda Dada ta gani. Ni ba a tambaye ni ba. Aka ce in zo in riƙe yaro.

Akori-kura ta kai mu Kona, daga nan muka shiga gonaki a ƙasa. Muka tsallake wani rafi mai tsakuwa ja-ja, ruwan iya idon sawu. Gidan tsohon yana gindin dutse, mun tarar da mutane a ƙarƙashin bishiya, Musulmi da Kirista da masu bin na gargajiya, kowa ya yi shiru da abin da ya kawo shi. Tsohon ba shi da ban tsoro. Siriri ne, mai sanyin murya, har ya yi wa Maigida wasa. Ya sa ta kwanta a tabarma, ya tambaya inda likita ya ce abin yake, ta nuna. Ya yi 'yan tsage da aska, ya kafa ƙaho, ya zuƙa, ya jira. Da ya cire sai ya juye a cikin farar tasa. Jini ya zubo, sannan muka ji ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Wannan ƙarar ba ta bar kunnena ba. Ko cokali ne ya faɗa cikin tasa a wani gida, sai na tuna ranar.

Ya ɗauraye su ya zuba wa Goggo a tafin hannu. Goggo ta fashe da kuka tana godiya ga Allah, tana cewa dubi abin da aka sa wa 'yarta. Na leƙa ta kafaɗarta. Tsakuwoyi ne ja-ja masu santsi. Akwai irinsu ɗaya maƙale a ƙasan silifas ɗina tun daga rafi, ina jin ta tana sukata. Na tuna likita ya ce ba irin na ƙasa ba ne. Na dubi yarinyar nan, na ga fuskarta ta saki, irin sakin da ban gani ba tun haihuwarta. Na gyara goyona. A gaban baƙi, a gaban wadda ta raine ta, wace ce ni da zan buɗe baki a kan 'yar fari?

Kafin mu tashi tsohon ya ce sharaɗi ɗaya ne: kada a haɗa aikinsa da maganin asibiti, in an haɗa abin zai dawo ya fi na da.

Da yamma na ɗora kafso a kan faifai kamar kullum. Kwanon ya dawo wayam, an cinye tuwon, kafson yana nan inda na sa shi. Da safe na sake. Ya sake dawowa. Na ɗauki yaron na ce, "Maigida, an bar ajiya fa." Daga cikin ɗakin ta ce, a hankali, "Ka ce wa matarka Dada ta hana. Ka ce mata na warke, ta kwantar da hankalinta." Na ci gaba da ɗorawa na wasu kwanaki, har ranar da Goggo ta kawo kwanon da kanta, ta ɗauki kafson da yatsu biyu ta sa mini a hannu ta rufe hannun.

Gaskiya kuma ta yi kamar ta warke. Ko farin ciki ne, ko ciwon ne ya yi irin shirun da ya saba, ban sani ba. Goggo ta dawo da man shanu, kumatunta suka fito. Aka yi mata kitso da lalle, aka mayar da ita ɗakinta a Yelwa da gara da turare. Gidana ya koma shiru. Na mayar da ragowar maganin cikin kwalinsa na sa a ƙasan akwati, na ce wa kaina wataƙila ni ce ban san abin da na gani ba.

Uwa ba ta zaryar gidan 'yar fari. Sai na riƙa ƙirƙiro dalili, in ce zan kai wa mijina na wasa ƙuli-ƙuli, ko na yi mafarkin yana nemana. An gama girbin gyaɗa, wata ranar Juma'a na je na tarar da Goggo a tsakar gida tana dafa sassaƙe a tukunya. Ta ce 'yar shawara ce ta taɓa yarinyar, ba wani abu ba. Na shiga ɗaukar yaro. Tana kwance tana susar hannuwanta, duk ta yi wa fatar sawun farce. Ta ɗago ta gaishe ni. Farin idonta ya koma kamar an jiƙa shi a ruwan rawaya.

Na fito da yaron a kafaɗa, na tsaya kusa da murhu, na ce wa Goggo, ina kallon wuta, kamar likitan nan ya yi maganar ido. Goggo ta ce ta ji shi da kunnenta, ba kurma ba ce. Amma wancan ciwon an cire shi, ga tsakuwoyin nan ƙulle a bakin zanenta. Wannan shawara ce, kuma kowa ya san mai shawara ba a kai shi inda za a yi masa allura, allura ce ke kashe su. Ta lissafa mini mutanen da aka kai ba su dawo ba. Ba da faɗa ta yi maganar ba. Idonta ya yi zuru-zuru don rashin barci. Ita ma tsoro take ji, nata tsoron daban da nawa.

Na koma gida. Na dawo washegari, na sake komawa. Kwanakin nan su ne ba na son tunawa, kuma su ne suka fi zuwa mini. Ina zuwa da kunu, ina wanke kayan yaro, ina share tsakar gidan da ba nawa ba. Ina ganin mijin yana shiga yana fita kamar baƙo a gidansa, yana kallon Goggo, yana kallona, ni ina kau da kai. Kowa yana jiran wani ya fara magana. Fitsarinta ya koma kamar baƙin shayi. Nononta ya fara ɗaukewa.

Ranar da rawar sanyi ta kama ta, rana tsaka ce, zafi kamar a gasa masara a ƙasa, amma an lulluɓe ta da bargo biyu haƙoranta suna karo. Mata sun cika ɗakin, da dangin mijin da maƙwabta. Goggo tana ƙoƙarin ɗura mata ruwan sassaƙe, yana dawowa ta gefen baki. Ina tsaye a ƙofa da yaro. Na fara cewa "Maigida, ka gaya wa..." sai na ji maganar ta mutu a bakina. Na miƙa shi ga wata mata. Na ratsa su na durƙusa a gaban gadon, na kama hannunta, na kira sunanta.

Ban taɓa faɗarsa da baki ba. Ya fito mini wani iri, kamar kalmar wani yare.

Ta buɗe ido ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sai ta ɗan yi murmushi ta ce, "Adda, ashe kin san sunana."

Na juya na dubi mijinta, ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ya je ya nemo mota yanzu, asibiti za mu. Goggo ta ce, "Ke da kika ba ni ita tana tatata, yau kika zo karɓa?" Na ce, "Ban zo karɓa ba, Goggo. Taki ce. Ki kama mini kafaɗunta, ni in kama ƙafa." Ta dube ni, ta dubi kofin da ke hannunta, ta ajiye shi a ƙasa. Ta kama.

Ba a sami mota da wuri ba saboda mai. Daga ƙarshe wani mai ɗaukar doya ya tausaya, aka shimfiɗa katifa a bayan motarsa. Kanta yana cinyar Goggo, ƙafafunta a tawa. Sai a ranar na lura ɗan yatsanta na ƙafa ya hau kan na kusa da shi, irin nawa, irin na uwata.

Likitan nan muka tarar. Bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Aka sa mata ruwa, aka yi allurai, Goggo ta juya baya don kada ta gani. Ya ce ɗaya daga cikin tsakuwoyin ce ta gangaro ta toshe hanyar da ruwan ɗaci ke bi, ruwan ya koma cikin jini, wurin kuma ya ruɓa. Aiki take bukata a Yola, amma a yadda take ba za ta kai ba, sai an ga zazzaɓin ya sauka. Muka zauna jiran saukarsa. Ta ɗan farfaɗo da safe, ta tambayi yaro, ta nemi a buɗe taga. Tsakanin azahar da la'asar Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Kafin mu fita na tsayar da likitan a baranda. Ban taɓa yi masa magana ba sai ranar. Na tambaye shi, da ta ci gaba da shan kafson nan, da hakan ta faru? Ya ce ba zai iya rantsewa ba. Maganin mai tafiyar hawainiya ne, wani yana cikin sha ma tsakuwar take gangarowa, wani kuma ya narkar masa da su ƙaf. Sai ya tambaye ni yaushe idon ya fara canzawa. Na faɗa masa. Ya cire tabaraunsa ya goge da bakin rigarsa, ya ce Allah ya ba mu haƙuri.

Amsar nan tasa ba ta ba ni wurin tsayawa ba. Da ya ce i, da na san abin da zan yi kuka a kai. Da ya ce a'a, da na huta. Shekaru sun wuce, na aurar da sauran 'ya'yana, idona ya fara rauni, amma har yanzu ba na iya gyaran kaza. In wuƙa ta kai kan hanta na hango ɗan koren abin nan manne a jiki, sai in ajiye in kira wani ya ƙarasa.

An rufe ta kafin magariba. Aka zauna makoki a gidan Goggo, don ita ce uwa. Mata suna shigowa su wuce ni su durƙusa a gabanta su yi mata gaisuwa, ni kuma su ce mini sannu da aiki, don ina bakin murhu ina dafa wa baƙi abinci. Ba su yi laifi ba, haka ake yi, uwa ba ta kukan ɗan fari a idon jama'a. Hayaƙi ya taimake ni. Goggo kuwa ta zauna jingine da sabuwar katangarta, ba ta kuka, ta tsufa a yini ɗaya. Da na kai mata ruwa ta riƙe wuyan hannuna ta ƙi saki, har sai da wata ta zo gaisuwa.

Yaron ne ya ƙi yin shiru. An ba shi kunu ya tofar, an ba shi madarar gwangwani a cokali ya kau da kai. Ya bi hannu-hannu yana laluben ƙirjin kowa, muryarsa har ta dushe.

Washegari da safe, kafin masu gaisuwa su fara zuwa, na yi masa wanka na goya shi. Akwai wata Bamumuya, 'yar wata ƙabila ta yankinmu, a bayan layinmu mai sayar da doya, mun san juna a bakin rijiya kawai, na ga tana goyon jaririya. Na tarar da ita tana hura wuta, 'yarta tana kwance a tabarma. Na gaishe ta, na tsaya, na rasa ta inda zan fara. Ta dubi idona, ta dubi goyona, ashe labari ya riga ni isowa. Ta goge hannu a zane ta ce, da irin Hausarta, "Kawo shi, Mama. Nono yana nan, ya ishe su biyu."

Na kwance shi na miƙa mata. Ya yi gardama kaɗan, sannan ya kama. Na zauna a kan turminta, na jawo itacen na ci gaba da hura mata wutar.